Gwangwanin Sardin da Akwatin Sauraren Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Malanville ta wajen titin Gaya, in bai ga runfata ba, to ya ji ta. Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran rediyo da ampili, mai ƙara ƙarfin sauti, da oparlar, wato lasifika, na masallatai da na 'yan biki, kuma ban taɓa buɗe cikin na'ura ba sai na riga na san ciwonta. Kunne nake sawa. A kawo mini ampili daga Guéné cikin buhu, tun mai shi bai gama sauka daga kabu-kabu ba in ce a kunna, in karkata kai, in faɗa mishi wace rezistans ce, cikin ƙananan kayan da ke rage ƙarfin wuta, ta ƙone, da ranar da ta ƙone, da wanda ya yi sakacin. Na sha faɗi gaban jama'a cewa in sauro ya yi tari a Gaya, ina nan ƙetaren gulbi zan gaya maka ko mura ce ko ƙwarewa ya yi. Ba a taɓa ƙaryata ni ba, don ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi sauron.

Wanga kunne ne taubashiyata ta zo ta jingine a gefe kamar tsohon takalmi.

Ɗiyar kawuna ce, ƙanen uwata, manomin shinkafa da gonarshi ke bayan digi, wato dogon tudun ƙasar da anka tayar don tare gulbi in ya cika. Na girme ta da shekara goma sha biyar, amma wasan taubasantaka bai san shekaru ba. Tun tana rarrafe nake ce mata baiwata, da ta iya magana kuma abin da ta fara koya shi ne ta rama. Ta tafi Kotonu karatun ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta, ta daɗe har munka fara zaton ƙasar ta haɗiye ta. Sai ga ta wata safiya, ƙarshen bazara, lokacin da gajimare ya fara taruwa gabas shina yi muna alkawarin da bai cika ba tukuna, ta dire wani akwati mai ruwan ɗorawa bisa teburina.

Ta ce, "Bawana, share wurin nan. Uwargijiyarka ta zo da aiki."

Na ce, "Wa ya 'yanta ki ban sani ba? Ki gaida ubangidanki tukuna, sannan ki faɗi rediyon wa kika lalata."

Ba rediyo ba ne. Akwatin na sauraren ƙasa ne. Shina da wata 'yar tukunyar ƙarfe mai nauyi da ake binnewa, waya ta fito daga gare ta zuwa cikinshi. Ta ce ƙasa ba ta taɓa tsayawa cik ba. Gulbi na tura ta, iska na tura ta, manyan motocin da ke hawa gada na tura ta, kullum tana 'yar rawar da ƙafa ba ta ji. Daga yadda take rawar ake gane zurfin laka mai taushi ƙarƙashin digi kafin a tarar da ƙasa mai ƙarfi. Abin da za ta rubuta ta gama karatunta ke nan. Akwatin na jami'a ne, kwana goma anka ba ta, wani na can shina jira. In ta rasa waɗanga kwanaki ruwa zai sauka, hanyar digi ta zama taɓo, aikin ya koma baɗi.

Sai ta nuna mini kusurwar akwatin. Ta lotsa. Cikin kar, babbar motar fasinja, anka danne shi da buhunan doya tun daga Parakou.

Ta ce, "Ba ni binne komi sai na san lafiyarshi. In shina yi mini ƙarya, shekara uku zan rubuta ƙarya."

"To ƙaƙa ake gane akwati maƙaryaci?"

"Mu za mu fara yi mishi ƙarya. Mu cire tukunyar, mu ba shi rawar ƙasa ta jabu wadda munka san girmanta. In ya maimaita ta daidai, mai gaskiya ne."

Nan take na ji aikin ya shiga raina, don ƙaryar da anka san girmanta, ni gidanta ne.

Ta fiddo ordinatar, wato kwamfuta, da wani ɗan allo kore da bai fi akwatin ashana ba. Konbertisar, in ji ta. Aikinshi guda ne: ordinatar na aiko mishi lambobi, shi kuma shina juya kowace lamba ta zama kuran, wato wutar lantarki. Lamba babba, kuran ya hau. Lamba ƙarama, ya sauka. In lambobin na hawa suna sauka a jere kamar mai hawa tsani shina saukowa, kuma matakan ƙanana ne ƙwarai, sai kuran ɗin ya fito shina kaɗawa sumul kamar igiyar ruwa bayan jirgi ya wuce. Kana so ya kaɗa sau ɗari cikin daƙiƙa, ka rubuta. Kana so sau ɗaya, ka rubuta. Ba ya gardama, ba ya gajiya.

Na ce, "Ashe mawaƙi ne. Kawo in ji muryarshi."

Na haɗa shi da ampilina da babbar oparlar da nake ji da ita. Tela maƙwabcina ya tsayar da kekenshi, mai sayar da albasa na gaba da mu ya matso. Ta ce sau ɗari biyu. Oparlar ta yi kuka siriri, na gyaɗa kai. Sau hamsin. Na ce wannan ai muryar kuran ce, da ita nake karin kumallo. Sau ashirin, abin ya koma gurnani can ƙasa. Ta ce sau biyar. Na rufe ido, na karkata kai yadda na saba, na ɗaga yatsa ɗaya don jama'a su yi shiru.

"Kana ji?"

"Sosai ma."

"Ƙaƙa yake?"

"Kamar ganga can nesa, wajen Madécali. Akwai ɗan tsatsa cikin muryar, amma ba laifi."

Ta ce, "Na kashe shi tun kafin ka rufe ido."

Tela ya yi dariya har ya faɗa kan atamfar mutane. Mai albasa ya tafi shina ba da labari da Dendanci, kafin azahar labarin ya ƙetare gada ba tare da duwan, wato 'yan kwastan, sun tsayar da shi ba.

Da ta ga na yi laushi sai ta ji tausayina. Ta ɗauko tsohuwar mitata mai allura, ta liƙa wayoyinta ga konbertisar, ta rubuta sau ɗaya. Allurar ta tashi a hankali ta tafi dama, ta dawo hagu, ta koma, kamar jirgin masunta da anka ɗaure bakin gaɓa. Ba ƙara ko kaɗan. Ta ce nan maganar ƙasa take, daga goma zuwa ƙasa, inda kunnen ɗan Adam bai kai ba. Na tsaya ina kallon allurar nan baki sake. Shekara ashirin ina zaune bakin wani ɗaki ban san akwai shi ba.

Abin da take so gare ni ƙarami ne. Kuran da ke fitowa daga konbertisar ya yi ma akwatin yawa, kamar ka sa oparlar masallaci ga kunnen jariri. Sai an rage shi kashi dubu kafin a ba shi. Ta zana mini a takarda: rezistans kaza nan, rezistans kaza can, waya ta shiga, uku su fita, don akwatin kunnuwa uku gare shi. A sa duka cikin gwangwanin ƙarfe don kada hayaniyar wayoyin kasuwa ta shiga. Ta hau bayan moton Kawu sunka tafi duba wuraren da za ta binne tukunya.

Na sayi sardin, na ci da burodi don aikin ilimi na son sadaukarwa, na wanke gwangwanin. Na zaɓo rezistans ɗaya bayan ɗaya ina aunawa, na liƙe su da dalma mai ƙyalli kamar haƙorin Makka. Ina cikin gwadawa sai na lura da wani abu. Ko an tsayar da kaɗawar, allura ba ta komawa sifiri. Akwai kuran tsayayye zaune bisa wayar, fiye da bolt ɗaya da rabi, ba ya motsi.

Wanda bai yi sana'armu ba ba zai gane abin da na ji ba. Tsayayyen kuran shi ne maƙiyinmu na farko. Shi ke gasa oparlar har ta yi warin gashi. Tsohon da ya koya mini aiki, in ka miƙa waya daga na'ura zuwa na'ura ba ka sa kondansatar tsakani ba, da bayan sukurdireba yake gaishe da yatsunka. Kondansatar ɗin ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, shina tare tsayayyen kuran, sauti kuma ya wuce. Hannuna da kanshi ya miƙa cikin gwangwanin tarkace, ya ɗauko ɗaya, abin da bai wuce dala biyar ba, ya liƙe shi a bakin shiga. Har na ce cikin raina, dubi 'yan jami'a, an san lissafi an manta gishiri.

Sannan na yi abin da kowane mai gyara a kasuwarmu ke yi in ya yi aikin da yake alfahari da shi. Na narka kyandir uku na tuttule ciki har ya cika, ya daskare fari fat. In ba ka yi haka ba, gobe mai kaya zai kai ma abokin hamayyarka, shi buɗe, shi kwashe dabararka, jibi ka ji shina cewa kakanshi ya gada.

Washegari da hantsi munka haɗa komi. Layi uku sunka fito bisa fuskar ordinatar, kowane kunne da nashi. Ta fara daga sau hamsin. Layukan sunka tashi sunka sauka daidai tsayin da ta ce za su yi. Na dubi tela, tela ya ɗaga mini babban yatsa. Sau ashirin, sunka ɗan rage tsawo. Ta matso da fuska kusa da gilashin. Sau goma, rabi. Sau biyar, sunka ƙara durƙushewa. Da ta kai sau ɗaya, layukan nan uku sun kwanta kamar macizan da mota ta taka, sai ɗan numfashi.

Ta ce, "Wurin da nake buƙatarshi, nan ya kurumce."

Ta juyo. "Ka yi shi yadda na zana?"

"Rezistans ɗinki duk suna ciki, kowace a ɗakinta. Na auna su da hannuna."

Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Kondansatar bai ko faɗo mini a rai ba. In an tambayi mace mi ta sa a miya, ai ba ta lissafa ruwa.

Ta juya gwangwanin, ta ƙwanƙwasa kakin da farce. "Mi ya sa ka rufe?"

Nan na kumbura. Na kawo shekaruna ashirin, na kawo masallatan da muryarsu ke hannuna daga nan har Guéné, tela ya shaida, mai albasa ya shaida ko da ba a kira shi ba. Ta dubi kusurwar nan da ta lotsa, ta dube ni, ta ajiye gwangwanin. Ba ta yarda ta ba akwatin kuran kai tsaye ba, don in ya ƙone ba nata ba ne.

Kwana biyu tana fama. Ta sake wayoyi. Ta sake batir. Ta kwashe komi ta kai gidan Kawu bayan gari inda babu wayar kuran ko ɗaya, amsa ba ta sake ba. Ta kira malaminta a salula ta faɗa mishi lambobin, da labarin buhunan doya. Ya ce alama wani abu ya taɓu a ciki, kada ta buɗe, ta aiko shi a duba. Kowa ya san ma'anar wannan. Kafin akwati ya je ya dawo, shinkafar Kawu ta kai gwiwa.

Rana ta biyu da la'asar na je gidan. Na tarar da ita zaune bisa turmi tana kallon gabas, inda hadari ya yi baƙi. Na ce, "Baiwata, an gaji da bautar?"

Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ina gajiya?"

Yaya! Tun da anka haife ta ba ta taɓa girmama ni ba. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Inna, matar Kawu, ta kawo mini fura, ni da ake ɓoye ma ƙwarya in na shigo gida, na kurɓa sau biyu na ajiye.

Rana ta uku da safe ina runfa, na san kar na tashi da hantsi, akwatin na ciki. Sai ga wani ladan daga Madécali da ampilinshi. Kukanshi shi ne, in iska ta taso ta bugi mikoro, oparlar sai ta riƙa wani bubu-bubu kamar ana dakan gero bisa rufin masallaci, mutane ba su jin kiran salla sai gurnani.

Na ce, "Malam, wannan ai ciwon yara ne." Na miƙa hannu cikin tarkace na ɗauko ƙwayar wake ɗaya, na ɗaga ta sama don shi gani, don ni ba ni aiki ba tare da wa'azi ba. "Ka ga wanga? Mai gadin ƙofa ne. Duk abin da ya zo da sauri, kamar muryarka, shina buɗe mishi. Duk abin da ya zo a hankali, shina jan ƙafa, irin gurnanin iska, sai shi rufe ƙofa. Gwargwadon jan ƙafarka, gwargwadon..."

Ban ƙarasa ba. Na ji maganar ta fita bakina ta zagayo ta shiga kunnena. Allurar nan mai tafiya dama da hagu a hankali ta tsaya mini a ido. Sau ɗaya cikin daƙiƙa. Akwai mai jan ƙafa da ya fi wannan?

Ladan ya ce, "Gwargwadon mi?"

Na ce, "Malam, riƙe mini runfa."

"Ni? In anka zo saye fa?"

"Ka yi musu wa'azi!"

Na faɗa bayan kabu-kabun farko da na gani ina cewa tasha, tasha. Ranar kasuwa ce. Motocin albasa sun toshe hanya, manyan motoci sun yi layi suna jiran duwan kamar sun zo zama. Mai moton ya bi da ni ta lungunan da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Mun wuce tsakanin amalanke biyu da na tabbata sai da na bar rabin tumbina can. Hulata ta tafi, ban waiwaye ta ba.

Kuma ba zan ɓoye ba, a hanyar nan na ƙulla dabara. In karɓi gwangwanin in ce zan duba wani abu, in zagaya bayan mota, in cire ɗan banzan, in dawo in ce a sake gwadawa, wataƙila akwatin ya huta. Kowa ya yi murna, sunana ya tsira.

Na tarar kar ta cika, inji na ruri. Akwatin na can ƙarƙashi cikin ma'ajiyar kaya, an danne gabanshi da buhuna. Taubashiyata na zaune bisa bencin mai shayi, Kawu na gefenta shina jan tasbaha.

Na ce ina haki, "Gwangwanin nan, ba ni in duba wani ɗan abu."

Ta dube ni tun daga kai marar hula har ƙafa. Ba ta miƙo ba.

"Mi ka sa ciki?"

Dabarata ta narke kamar kyandir ɗin. Na ce, "Kondansatar."

"Guda nawa?"

"Ɗaya tak. Ƙarami. Don in kare miki akwati. Akwai tsayayyen kuran bisa wayar."

"Na san da shi. In an rage shi kashi dubu ba ya kashe ko ƙuda, akwatin kuma ya san yadda yake zubar da shi." Ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Kafaɗunta sunka fara rawa. Na ce shi ke nan, na sa ɗiyar kawuna kuka gaban tasha. Da ta buɗe fuskar, dariya ce, har da hawaye.

"Kai, Allah wadan bawan da ba a aika ba ya tafi! Kwana biyu! Kwana biyu ina zargin doya!"

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Saura fitar da akwati. Mai lodi, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya ce shi ya gama ɗaure kaya, ko gwamna ne ya zo ba ya kwancewa. Kawu ya tashi ya yi mishi magana biyu da Dendanci a hankali. Ya ce to, amma wanda ya jawo shi zai sauke. Buhu bakwai na albasa na sauke da bayana. In na ba da labarin a kasuwa arba'in ne, amma nan rubutu ne, bakwai ne.

Direba ya ce minti goma, in ba mu gama ba ko dai akwati ya koma ciki ko ya tafi ya bar shi. Ta ce ba ta yarda ta riƙe shi ba sai ta gani da idonta. Mai shayi ya ture tukunyarshi ya ba ni gefen wuta. Na ɗora gwangwanin, kakin ya narke, warin sardin da kyandir ya tashi, ga ɗan wake nan ya fito tsirara shina ƙyalli. Ban zo da ƙarfen liƙe dalma ba. Na ciro siririyar waya daga aljihu, na murɗa ta daga ƙafarshi ɗaya zuwa ɗayar, hanya ta zagaye mai gadi. Ta buɗe ordinatar bisa benci, tsakanin gwangwanin madara da burodi.

Fasinjoji sunka sauko kallo. Ta ce sau hamsin. Layi uku sunka tashi. Ta sa farce daidai tsayinsu bisa gilashin ta riƙe. Sau ashirin, sunka taɓa farcen. Sau goma, sunka taɓa. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kamba ya tambaye ni mi ake nema, na ce kada layi ya sauka. Ya juya ya sanar da na baya, na baya sunka sanar da na cikin mota. Sau biyar. Jama'a sunka ce, "Bai sauka ba!" Sau biyu. "Bai sauka ba!" Da ta rubuta ɗaya, layukan sunka ɗauki lokacinsu, sunka hau a hankali kamar tsohuwa na hawa gaɓar gulbi da tulu, har sunka je sunka dafa farcen nan. Wata tsohuwa da ba ta san ko mi ake yi ba ta rangaɗa guɗa ta tagar mota. Mai lodi da kanshi ya buga mini baya, na kusa faɗawa cikin shayi.

Ta gwada rabi, sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu, don ta ƙure shi. Bai ƙuru ba. Ta rufe ordinatar ta ce, "Lafiyarshi lau. Ni ma da nawa laifin. Na zo auna akwati, ban auna abin awon ba." Na buɗe baki in ce haka ne, ta ce, "Kai rufe naka. Maida musu albasarsu."

Kar ta tafi ba akwati. Da na koma runfa na tarar ladan ya sayar da batir biyu kuma ya kori wani da ya zo da rediyo, ya ce mishi mai gyaran ya haukace.

Kwana shida sunka rage mata, kuma sun isa, da ƙyar. Kowace safiya kafin ta fita sai ta haɗa konbertisar ta bi layukan daga hamsin zuwa rabi, da gwangwanin a buɗe, don ta hana ni ko sayen kyandir. Yammacin farko na rufe runfa na bi su digi. Ta haƙa rami ta zaunar da tukunyar, ta daidaita ta, ta rufe da ƙasa, ta kore mu can nesa ƙarƙashin wata bishiyar bedi don kada takunmu ya shiga. Daga baya ta kira ni na leƙa. Layukan na rawa, ba irin sumul ɗin namu na jabu ba, wata rawa ce mai gargada, ta ƙasa da kanta. Gulbi na gefe shina tafiyarshi, iska mai ƙanshin ruwa na kaɗa ciyawa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Manoman da ke gyaran kwalbatin ruwa sunka taru ƙarƙashin bedin suna tambaya. To, wa zai yi musu bayani in ba ni ba? Na faɗa musu yadda akwatin jami'a ya kurumce. Yadda anka buga waya har Kotonu, manyan malamai masu gilashi sunka taru sunka kasa. Yadda anka riga anka sa shi mota za a kai shi asibitin akwatuna, sai ni, ina zaune runfata, ko ganin shi ba ni yi, na gano ciwon: wani abu da bai kai ƙwayar wake ba, binne cikin kaki. Wani ya ce tabarkalla. Wani ya ce dama ai an san ni.

Kawu na zaune bisa tushen bedin shina gyaran igiyar fartanya. Mutum ne da kan yi wuni bai yi magana goma ba. Bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Haka anka yi, ɗana, ina wurin. Ni abin da ya ba ni mamaki, da hannunka ka sa shi, kuma sai da ka kwana biyu kafin ka gano."